Auduga a Bakin Inji

Naja'atu na tsugune a gindin tulin ƙarafa a layin 'yan gwangwan, tana tono da wani guntun rodi, sai hannunta ya faɗa kan wani mataccen injin huda. Ba shi ta zo nema ba. Wani ƙarfe ne na injin markaɗenta ya tsage jiya ana tsaka da niƙa wa mata wake, shi ya fito da ita tun da hantsi. Ta ɗaga injin hudar za ta jefar gefe, sai ta ji shi sakayau, ba nauyi irin na 'yan uwansa. Ta juya shi. An kwance shi an mayar, kowane noti yana raminsa. A bakinsa kuma, inda ake sa kibiyar huda, an cusa auduga.

Fara ce fat, ko datti bai hau ta ba.

Duk faɗin Funtua mutum ɗaya ta sani mai yin wannan shirmen, kuma kaka biyu ke nan rabon da a sa shi a ido. Maitama, mijinta. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa da injin casa, da ita ake ci a gidan. Amma abin da ya cinye masa zuciya shi ne ƙera 'yan ƙananan injuna, waɗanda ba sa niƙa ba sa casa, sai dai a zuba musu ruwa a kunna musu wuta su yi ta motsi ana kallo. Mutum da gemunsa! Kowa in ya samu mataccen injin huda ko na yankan ƙarfe, jar wayar ciki yake farkewa ya watsar da saura. Shi kuwa sai ya zauna ya kwance shi a hankali, ya zaro 'yan faya-fayen nan masu haƙora da makanikai ke ce wa giya, shi yana ce musu taurari. In ya gama ya mayar da marfi, ya ɗaure kowane noti, ya toshe bakin da auduga yadda ake yi wa mamaci. Wai abin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane bauta bai kamata a yar da shi baki buɗe ba. 'Yan gwangwan suka sa masa suna mai wankan gawar inji, shi ko a jikinsa.

Ta miƙe da injin a hannu, ta nufi rumfar Alhaji Labo mai wurin. Yana ganin abin da ta riƙo ya daina taunar goro. Ya tashi ya yafito ta zuwa bayan rumfa, ya ɗaga wani tsohon kwanon rufi.

Ga su nan a jere a ƙasa. Injinan huda, na yankan ƙarfe, na goge katako, kowanne a rufe tsaf, kowanne da farin abu a baki, kamar an kawo su ne a yi musu salla.

Alhaji Labo ya ce tun cikin damina suka fara zuwa, ɗaya yau, biyu gobe, cikin kayan da wani Kabiru ke tara masa a Tsiga. Ma'aikatansa sun ƙi taɓa su, shi ya sa yake ware su da kansa. Sau da dama ya yi niyyar aika mata, sai ya rasa bakin da zai faɗa.

Ta zaro audugar ɗaya ta murza a tsakanin yatsu. Da angurya a ciki. Ba ta kanti ba ce, ba ta kuma biya ta injin gurza ba. Daga gona aka tsinko ta.

"Matar Maitama," in ji Alhaji Labo, "ni dai ban ce shi ne ba. Ban kuma ce ba shi ba ne."

Ba ta koma gida ba. Ta kira maƙwabciyarta ta roƙe ta ta miƙa wa Inna, uwar mijinta, abincin rana, ta ce ƙarfen ne bai samu ba za ta duba gaba. Ta hau adaidaita zuwa tasha, ta shiga motar Tsiga.

A mota aka matse ta tsakanin wata mai tallan daddawa da buhun barkono, tana ta atishawa, hawaye na zuba, ba wanda ya tambaye ta dalili. Ranar da Maitama ya fita, wani ƙauye can bakin daji aka kira shi ya duba injin casa. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu suka kora mutanen ciki daji. Duk wanda aka ɗauka a ranar, kafin mako ya zagayo an kira danginsa. Wasu sun dawo, wasu an aiko da labarin mutuwarsu. Ita kaɗai ce wayarta ba ta yi ƙara ba. Ta kwana da ita ta tashi da ita, har banɗaki da ita take shiga, shiru kake ji. Wasu suka ce tun a hanya aka kashe shi. Wasu matan, masu bakin nan da ba ya gajiya, suka ce namiji ne fa, ƙila ya samu kuɓuta ya ga hanyar Ikko a buɗe. Aka yi ta ba ta shawarar ta shiga takaba ta huta. Ta ce ba za ta yi wa mai rai takaba ba.

Ta kai hannu ta taɓa kunnenta. 'Yan kunnen ma aikin Maitama ne: taurari biyu na tagulla, tagwaye, kowanne bai fi farcen ɗan yatsa ba, ya zura musu siririyar waya ta ramin tsakiya. Ya rataya mata su ne satin da aka sallamo ta daga asibiti bayan ta yi ɓari, lokacin da ba ta ci ba ta magana. Ta yi dariya ranar, ta ce wato ita ma ya mai da ita inji. Tun da ya ɓata ta rantse ba za ta cire su ba sai ta ji tabbas. Inna Mero, mahaifiyarsa, wadda yanar ido ta makantar, ta san da wannan rantsuwa. Kullum da safe in Naja'atu ta durƙusa gaishe ta, sai tsohuwar ta laluba fuskarta ta kai hannu kunne. In ta ji haƙoran nan sun soki yatsanta, sai ta ce, "To, Allah ya ji da mu," a shiga hidimar rana. Iyakar labarin da suke ba juna game da shi ke nan.

Kabiru na Tsiga bai wahalar samu ba, rumfarsa na bayan kasuwa inda ake jibge tsofaffin garmuna. Da ta nuna masa injin sai ya yi tsaki, ya ce ai wannan mutumin ya ishe shi. Ba ya gaisuwa, ba ya ciniki, sai ya zo ya zauna a bayan kaya ya yi ta kwance-kwance. Siriri ne kamar kara, yana jan ƙafar hagu. Sunansa bai sani ba, don shi ma baƙo ne a garin, daga Danja ya zo. An dai ce masa daga hannun mutanen daji ya fito, kuma a wata unguwar Maguzawa yake zaune, bayan gonakin auduga.

Ta tambaye shi inda mutumin ke ajiye notuna in ya kwance.

Kabiru ya dube ta da mamaki. Ya ce cire hularsa yake yi ya kifa ta baibai a ƙasa, ya riƙa jefa su ciki.

Sai da ta dafa turken rumfar. Shekara goma sha wani abu tana wanke hulunan Maitama, duk cikinsu baƙi ƙirin da man inji, tana mita yana ba ta haƙuri. To in shi ne, me ya hana shi zuwa gida? Funtua ce fa, ga ta nan kusa, ko da jan ƙafa ai ya isa. Sai dai in wahala ta taɓa masa kai, ya manta hanya, ya manta uwarsa, hannunsa kaɗai ya rage da tuni. Ta ce a ranta ko a haka ne tana so. Ko bai gane ta ba za ta kama hannunsa ta kai shi gida, Inna ta shafa shi.

Ɗan acaɓa ya sauke ta inda hanya ta ƙare, ya nuna mata wasu rumbuna can nesa, ya juya. Rana ta take tsaka. Ta bi wata siririyar hanya tsakanin kunyoyi, auduga hagu da dama ta fashe ta yi fari, babu mai tsinka ko ɗaya, duk zafi ya kore su. Ba kukan tsuntsu, ba haushin kare. Takunta kawai take ji da ƙarar ledar da ke hannunta. Duk ƙwallon audugar da ta kalla sai ta ga bakin injin nan, har ta daina kallo ta sa ido a ƙafafunta. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta san na mene ne ba.

Tana dab da dangar gidan farko ta ji sautin. Wani siririn huci ne, sssss, ba ya hawa ba ya sauka. Ta tsaya cak. Ta san hucin nan kamar yadda ta san tarin Inna. A ɗakin aikin Maitama akwai wani ɗan kan jirgin ƙasa da ya shekara da shekaru yana ƙerawa, mafi girma cikin injunansa. Komai nasa ya kammala, sai tauraro ɗaya da zai riƙa buɗe wa tururi ƙofa yana rufewa. In ya kunna masa wuta haka yake huci, ba ya ko gusawa. Ta sha yi masa tsiya, ta ce wannan injin nasa rago ne, sai numfashi ba aiki. Sai ya yi murmushi ya ce ana nan ana nema.

"Gafaranku dai, masu gida."

Gidan babba ne amma fayau. Ga turakun shanu a jere, igiya ko ɗaya babu, kashin ma ya bushe ya zama ƙasa. Rumbuna biyu an kware musu kai. Wata mata na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, ta amsa a gajiye. Ta dubi Naja'atu, ta dubi injin hudar da ya leƙo daga leda, ta nuna bayan ɗaki da haɓa.

Yana zaune a gindin wata ɗorawa, ya ba ta baya. Ya miƙe ƙafar hagu can gefe, kamar ya bar wa wani wurin zama kusa da shi. Hula a kife baibai, notuna a ciki. Ya ɗaga sukudireba ya hura bakinta sau biyu, ya goga a gwiwa, ya yi ɗan gyaran muryar nan da Maitama ke yi kafin ya taɓa noti. A gabansa kuma ga kan jirgin. Tukunyar gwangwanin madara, ƙafafu shida, 'yar fitilar kananzir a ƙarƙashi. Har bututun hayaƙin ya karkata hagu. Na gida ya karkata ne ranar da akuya ta ture shi daga kan benci, Maitama ya ce a bar shi haka, ya fi kyau.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka kawo ta gidansa, sai sunan tsokanar da ta sa masa.

"Injiniya."

Hannun ya tsaya. Mutumin ya juyo a hankali.

Ba shi ba ne. Wani dattijo ne mai dogayen tsage a kumatu, idanu sun faɗa, furfura ta cinye rabin kai. Ko kama babu. Naja'atu ta zauna daɓas a kan saiwar ɗorawar ba tare da an ce ta zauna ba.

Shi ma kallon ta yake, amma ba fuskarta ba. Mayafinta ya zame, idonsa na kan kunnenta. Ya daɗe a haka. Sannan ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wani zare, a jikinsa an rataye wani ɗan faifai da aka yanka daga gwangwanin kifi, an fitar masa da haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo shi, ya tsaya nesa da kunnenta kaɗan bai taɓa ta ba. Ko ba a haɗa ba ana ganin girmansu ɗaya.

"Ashe yana da mata," in ji shi.

Sunansa Ɗanjuma, manomi ne, kafin a ɗauke shi bai taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya da lauje ba. A gonarsa aka same shi. Da aka kai shi daji sai aka haɗa ƙafarsa ta hagu da ta wani mutum a sarƙa ɗaya. Mutumin nan ba wanda ya san sunansa, Makanike ake ce masa, don shi ke gyara musu babura da janareto. Tun da sarƙa ɗaya ce, duk inda Makanike ya tsuguna dole Ɗanjuma ya tsuguna, sai ya zama shi ke miƙa masa kaya. In an bar su sun huta, Makanike ya share ƙasa da tafin hannu ya zana wannan injin da tsinke, ya yi ta bayani, wannan na tura wannan, wannan na jan wancan. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya ce da shi yake hana kansa haukacewa.

Naja'atu ta ce, da wata murya da ba ta san tana da ita ba, me ya sa ba a kira ta ba.

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Ya ce 'yan bindigar sun nemi lambar wayar wani nasa wurin Makanike. Sun nema da baki, sun nema da bulala, sun nema da abin da ba zai faɗa wa mace ba. Magana ɗaya yake maimaitawa: ba shi da uwa, ba shi da uba, ba mata, ba ɗa, ba gari. Abin da ya mallaka a duniya wani inji ne da bai ƙarasa ba. Har suka gaji suka yarda. Shi kansa Ɗanjuma, da suke kwana ƙafa a haɗe, ya yarda. Ya ɗaga hannu ya nuna turakun shanun nan da rumbunan da aka kware. Ya ce shi ya ba da lamba tun daren farko, ga abin da ya rage wa gidansu, gonar audugar da ta ratso ma yanzu ta wani ce.

Ba godiya ce ta zo wa Naja'atu ba, haushi ne, mai zafi. Wa ya gaya masa ta fi son gida da injin markaɗe? Wa ya ba shi izinin ya yanke wannan shi kaɗai? Da ta sayar da gidan, da ta sayar da kwanon rufin da tukwanen, da ta ɗauki Inna a baya sun koma tasha da zama, in dai zai shigo da hularsa mai baƙin mai. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, ashe yana da taurin kan da zai shafe ta daga duniya da bakinsa. Ta so ta yi ihu. Ta danne, don har yanzu akwai tambayar da ba ta yi ba, kuma ta ga amsar a yadda dattijon ke cewa "yana" sannan ya gyara ya ce "ya kasance".

"Yaushe?"

"Farkon daminar bara. Sarƙar ce ta ci masa ƙafa, zazzaɓi ya shiga."

Ya ce da asuba ya farka ya ji ƙafar da ke jikin tasa ta yi sanyi. Mai riƙe da makulli kuma ya tafi wani sansani, bai dawo ba sai washegari da yamma. Haka ya wuni ya kwana ya sake wuni a ɗaure da shi, yana kore masa ƙuda. Da aka kwance su ya roƙa aka bar shi ya haƙa rami. Shi ba Musulmi ba ne, bai san abin da ake karantawa ba. Ya dai kwantar da shi ya fuskantar da shi inda ya ga yana fuskanta in zai yi salla. Akwai 'yar auduga a aljihun Makanike, ya sa masa.

Ta yi salati a hankali, ta maimaita. Farkon daminar bara. Wato lokacin takabarta ya zo ya wuce tana sa tozali, tana wanke masa kaya tana shanyawa kada su yi warin ajiya, tana faɗa da duk wadda ta ce mata gwauruwa.

Ɗanjuma ya buɗe tafukan hannunsa yana kallon su kamar kayan aro. Ya ce tun daga ranar nan hannuwan ba nasa ba ne. Ya dawo gida, ya ɗauki fartanya, ta ƙi zama. Ba ya iya wuce mataccen inji. Bai taɓa shawarar ya kifa hula ko ya sa auduga ba, sai dai ya ga ya yi. Matarsa Hansai, wadda ke ɓarar gyaɗa, cewa take ba mijinta aka sako mata ba. An yi masa na gargajiya, an yanka abin da za a yanka, ba sauyi. Shi dai a ganinsa Makanike ne bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba sai injin nan ya motsa. Ga shi ya haɗa komai yadda aka zana masa, saura tauraro ɗaya, ya kwance injuna ba iyaka bai samu mai girman ba.

"Ya ce mini ya taɓa samun su, guda biyu, a cikin wani tsohon inji na zamanin Turawa. Na ce ina suke. Ya ce ya rataye su a inda ya fi inji." Dattijon ya goge ido da bayan hannu. "Na ɗauka a bishiya ya rataye su, irin yadda muke yi."

Nan kukan ya zo. Duk shekarun da take ce wa injin rago, abin da ya hana shi tafiya yana lilo a kunnenta, mai shi na kallo yana murmushi yana cewa ana nan ana nema. Ta yi kuka har Hansai ta taso ta ajiye mata ruwa a ƙwarya ta koma.

Da ta natsu ta sha ruwan, ta wanke fuska. Ta kai hannu ta kwance na dama, ta kwance na hagu. Kunnuwan suka yi mata wani iri, iska na shiga ramin. Ta ajiye ɗaya a cikin hular da ke kife, tare da notunan. Ɗayan ta ƙulle a bakin mayafi.

Ɗanjuma ya ce ta dakata ta gani, ruwan bai huce ba, yanzu zai tashi. Ta ce a'a. Ta yi musu sallama ta kama hanya da sauri, har tana tuntuɓe a kunyoyi, ta ja mayafi ta rufe kunnuwa gam. Ba ta so ta fara jin sa a gidan wani.

La'asar ta yi sanyi ta iso gida. Robobin masu markaɗe na jere a zaure inda suka gaji da jira suka bari. Daga ɗaki Inna Mero ta ji motsin ƙofa ta tambaya ko an samu ƙarfen. Naja'atu ta ce ba a samu ba. Ta tsaya a tsakar gida tana neman kalmar da za ta shiga da ita, ta juya ta nan ta juya ta can, babu. Sai ta ga ƙafarta ta kai ta ɗakin aikin.

Komai na nan yadda ya bari, don kullum sai ta share. Ta yaye tsumman da ke kan jirgin. Ta san wurin, wani ɗan sandan ƙarfe tsirara a gefen tukunya, ya sha nuna mata. Ta warware wayar da filaya, ta zura tauraron. Ya shige ya zauna, haƙoransa suka kama na maƙwabcinsa kamar jiya aka raba su. Ta ɗaure ɗan notin da ke ajiye a murfin kwalba, ta zuba ruwa a tukunya, ta kunna fitilar kamar yadda ta saba yi masa in hannunsa ya yi mai.

Warin kananzir ya cika ɗakin. Hucin ya fara, sssss. Ta zauna a kan bencinsa ta zuba ido, har ta fara cewa a ranta ba zai yi ba. Sai tauraron ya gusa da kansa, haƙori ɗaya. Ya tsaya. Ya sake gusawa. Ƙafafun suka juya a kan katakon da aka ɗora shi, cuku, cuku, cuku-cuku-cuku, karkataccen bututun na fitar da farin tururi.

"Auta?"

Muryar Inna ce daga ɗaki, tana kiran Maitama da sunan da ta saba kiran sa, da wani ƙarfi da ta daɗe ba ta yi magana da shi ba.

"Auta, kai ne? Naja'atu, ke Naja'atu, kawo masa ruwa mana."

Naja'atu ta tashi. Ta ratsa tsakar gida, ta ɗaga labule. Tsohuwar ta riga ta sauko da ƙafafu daga gado tana laluben takalmi, fuskarta a washe. Naja'atu ta durƙusa a gabanta yadda take yi kowace safiya, ta zame mayafin daga kanta.

Hannun ya zo, ya bi goshi, ya bi kumatu, ya isa kunnen dama. Ya tsaya. Ya murza fatar a hankali, ya tsallaka ya nemi na hagu. Ya daɗe a can. Ta bayan bango injin na ta tafiya, cuku-cuku-cuku, bai san komai ba.

Naja'atu ta yunƙura za ta je ta kashe wutar. Inna Mero ta riƙe mata wuyan hannu.

"Zauna," in ji ta. "Bar shi ya gama."